Ƙarfe Sha Biyu da Rabi a Gidan Disney

 Shirin na yau zai leƙa manyan wuraren shaƙatawa na ƙasashen waje, irin waɗanda iyali kan shekara suna tanadi don su kai yara hutu. Jiragen lilo da fareti suna nan, amma gidan abinci shirin ya nufa, a daidai lokacin da rana ta take, ƙafa ta gaji, yara suka fara ƙorafin yunwa.

Labarin ya faro ne daga wata gona a garin Buena Park na jihar Kalifoniya a Amurka. A shekarar 1934, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, wani manomi mai suna Walter Knott yana sayar da 'ya'yan itacen gonarsa a bakin hanya, abin kuma ba ya isar gida. Matarsa Cordelia sai ta soya kaji, ta fito da faranta na kayan aurenta, ta zuba wa baƙi takwas, kowane faranti senti 65. Kajin suka karɓu. Cikin 'yan shekaru layin masu jiran tebur ya kai mutum ya yi sa'o'i a tsaye. Don kada masu jira su gaji su tafi, a 1940 maigidan ya fara gina wani ƙauyen kwaikwayo irin na masu haƙar zinare na da, mutane suna zagayawa suna kallo kafin a kira su. Wannan ƙauye shi ne ya girma ya zama Knott's Berry Farm, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren shaƙatawa na Amurka, kuma har yau ana soya kajin a can. Wato a wannan gida abincin ne ya haifi wasan.

Kilomitoci kaɗan daga can, a garin Anaheim, Walt Disney ya buɗe Disneyland ranar 17 ga Yulin 1955, kuma ciki ne ya fara ba shi kunya. Mutum kimanin 28,000 suka cika wurin, kusan rabinsu ba a gayyace su ba: wasu da jabun tikiti, wasu ta kan katanga. Abinci da abin sha suka ƙare a hannun masu sayarwa. Ga zafi ya kai wajen digiri 38, har sabuwar kwaltar da aka shimfiɗa tana kama tsinin takalman mata. Masu aikin famfo kuma suna yajin aiki, aka ce wa Disney ya zaɓa, ko a haɗa ruwan banɗaki ko a haɗa famfunan shan ruwa. Ya zaɓi banɗaki, kuma duk mai hankali abin da zai zaɓa ke nan. Sai dai baƙin da ƙishi ya dama sun ɗauka da gangan aka yi don su sayi Pepsi, tunda kamfanin yana cikin masu ɗaukar nauyin bikin.

Tun daga ranar kamfanin bai sake wasa da maganar ciyar da jama'a ba. Har wani abin taunawa da ya zagaye duniya a wurin aka fara shi. A farkon shekarun 1960, wani gidan abinci na cikin Disneyland mai suna Casa de Fritos ya riƙa yayyanka ragowar wainar masara irin ta mutanen Meziko, yana soyawa da ɗan kayan yaji maimakon a zubar. Kamfanin Frito-Lay ya ga yadda ake rububinta, ya sa mata suna Doritos, ya baza ta kasuwannin Amurka a 1966.

Yanzu sai a tsallaka zuwa jihar Fulorida, kusa da birnin Orlando, inda aka buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoban 1971. Babban filinsa, Magic Kingdom, ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a shekarar 2023, wato kimanin mutum 48,000 kowace rana in aka raba daidai. Galibinsu tun da sassafe suke shiga, don haka kusan lokaci guda yunwa ke kama su.

Mai sauraro ya kwatanta a ransa wani magidanci da iyalinsa a ƙofar Cosmic Ray's Starlight Café, ɗaya daga cikin manyan gidajen abincin filin, da ƙarfe sha biyu da rabi a watan Yuli. A waje zafi ya haura digiri 32, iskar kuma jiƙe take da laima, gumi ba ya bushewa. Kekunan tura jarirai an jere su a bakin ƙofa sun fi a ƙirga. A ciki sanyin na'ura ya daki fuska, amma kowace kanta layi ne. Uwargida ta ɗauki ƙaramin ta tafi farautar tebur, tana tsaye a kan wasu da suka kusa gamawa, suna cin abinci suna satar kallonta. Maigida yana ɗaga kai yana karanta allo, yana mayar da dala zuwa naira a zuci, babban ɗan yana jan rigarsa: “Baba, ni mai kaza nake so, kuma da babban lemo.” A can kan dandamali wani mutum-mutumi mai siffar halittar sararin samaniya yana kaɗa piyanonsa na lantarki yana rera waƙa, ba wanda yake da natsuwar saurarensa. Kafin tire ya iso tebur an ci rabin awa ko fiye, dankalin ya fara sanyi, kuma wannan rabin awa daga cikin ranar da aka saya da tsada aka cire ta, don tikitin yini ɗaya na wannan fili ya haura dala 100 tun 2015.

Abin tambaya, me ya hana shi fita waje ya ci mai araha? Tsarin wurin ne ya hana shi. Magic Kingdom yana bayan wani tafki da aka haƙa, wurin ajiye motoci kuma yana ɗaya gefen. Mai son komawa motarsa sai ya hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan doron gada, sannan ya yi tuƙi, ya ci, ya dawo ta wannan hanya. Sa'a biyu sun tafi. Halin da yake ciki bai da bambanci da na matafiyin da direba ya tsayar a tashar tsakiyar daji: mai abinci ɗaya ce, ta kuma san motar ba za ta jira kowa ya je gari na gaba ba. Farashin da ke kan allon can an sa shi ne da sanin haka.

Akwai wani abin da baƙo ba ya gani. Duk yawan abincin da ake ci a filin, ba a ganin motar kaya tana sauke buhuna a titi, ba a ganin ana tura kurar shara ta tsakiyar jama'a. Dalili shi ne filin gaba ɗayansa a hawa na biyu yake. Ƙasar Fulorida fadama ce, in an yi haƙa kaɗan ruwa ke ɓullowa, don haka magina suka fara gina dogayen hanyoyi a daidai doron ƙasa, suka rufe su da ƙasar da aka kwaso daga haƙar tafkin, sannan suka ɗora filin a kai. Ta waɗannan hanyoyi na ƙasa ma'aikata ke zirga-zirga, ta nan kayan abinci ke isa bayan kicin. Shara kuwa manyan bututu ke zuƙe ta da ƙarfin iska, tana gudun kusan kilomita 95 a awa zuwa matattara. Ko cingam ba a sayarwa a filin, don kada a liƙa shi a benci ko ya manne a takalmin wani.

Hanci ma ba a bar shi haka nan ba. Kamfanin yana da na'urorin fesa ƙanshi, a kan babban titin shiga kuma mai wucewa kan ji ƙanshin kayan zaƙi yana fitowa daga shaguna tun kafin ya ga abin da ake sayarwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gidajen abincin iri biyu ne a taƙaice. Akwai na a-saya-a-kanta, kamar wanda magidancin nan ya shiga, akwai kuma na zama, inda ma'aikaci ke zuwa tebur ya ɗauki oda. Na zaman su ne ake kama wuri tun saura kwana 60, kuma masu farin jini, irin Cinderella's Royal Table da ke cikin fadar nan mai hasumiyoyi irin wadda ake gani a farkon finafinan Disney, sukan cika da wuri ƙwarai. A can tun wajen kama wurin ake biyan kuɗin abincin. A sauran kuwa ana karɓar lambar katin banki, in mutum bai zo ba bai kuma soke ba, a cire masa dala 10 a kan kowane kai. Abin da ake saya a irin wannan tebur ya wuce nama da miya. Ana sayen kujera a cikin sanyi na awa guda, da hoton yarinya tare da gimbiyar da ta saba gani a talabijin. Ga iyali mai ƙananan yara, wani lokaci wannan awa guda ita ke ceton sauran yinin, kuma a nan kam tsadar tana da hujja.

Sai dai lissafin Amurka yana da wutsiya, kuma babban iyali ta fi kamawa. Farashin da ke rubuce ba shi ne abin da za a biya ba. Ana ɗora harajin ciniki, wanda a gundumar da Magic Kingdom yake kashi 6.5 ne cikin ɗari. Sannan ga tukwicin ma'aikaci, wanda a can ba kyautar ganin dama ba ce, kusan wajibi ne, kashi 18 zuwa 20. In masu cin abincin sun kai shida ko fiye, ba a ma jiran ra'ayin maigida, kai tsaye ake sa kashi 18 a cikin rasit. A ce iyali mai mutum bakwai sun ci abincin dala 300: haraji dala 19 da rabi, tukwici dala 54, jimla ta haura 373. Wani abin da kan ba iyaye mamaki kuma shi ne ma'anar yaro a wurin Disney. Daga shekara 3 zuwa 9 ne yaro. Ɗan shekara 10 babba ne a tikiti, babba ne kuma a gidajen da ake biyan kuɗi a kan kowane kai, ko da cokali uku ya ci ya ture.

Abincin da ya fi suna a filin ma ba a tebur ake cin sa ba. Cinyar talotalo ce, ƙatuwa, mai nauyin fiye da rabin kilo, an jiƙa ta a ruwan gishiri an banda ta da hayaƙi, ana miƙa ta a naɗe cikin takarda, mutum ya kama ƙashin yana tafiya yana yaga. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake sayar da ita. Girmanta ya sa aka daɗe ana raɗe-raɗin cewa ta wani tsuntsu ce ɗan uwan jimina, launin namanta ja-ja da ɗanɗanonsa kuma suka sa wasu ke zargin alade. Duka biyun ba gaskiya ba ne. Cinyar namijin talotalo ce, gishirin da aka jiƙa ta da shi ne ya sauya mata launi. Ɗaya takan ishi mutum biyu, gishirinta kuma yana kiran ruwa har yamma. Ga wanda ba ya son nama akwai Dole Whip, wani daskararren abin lasa na abarba da ya shigo a shekarun 1980, wanda a zafin Fulorida ya fi komai daɗi.

Game da abincin yara, akwai wani sauyi da kamfanin ya yi a 2006 wanda masana halayyar masu saye ke yawan kawo misali da shi. A da farantin yaro da soyayyen dankali da lemon kwalba yake zuwa. Sai aka juya abin: yanzu 'ya'yan itace ko ɗanyen karas, da madara ko ruwa, su ne ke zuwa in ba a ce komai ba, mai son dankali da lemo sai ya buɗe baki ya nema, ba kuma ƙarin kuɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano kusan rabin masu saye sun bar 'ya'yan itacen yadda aka kawo, kimanin biyu cikin uku kuma sun bar abin shan. Ba a hana kowa komai ba. An dai gane cewa uban da ya gaji a layi abin da aka miƙo masa yake karɓa.

Duk wannan ƙwarewa ba ta hana kamfanin tuntuɓe ba da ya fita daga Amurka. A watan Afrilun 1992 aka buɗe Euro Disney a Marne-la-Vallée, gabas da birnin Paris. Masu tsara wurin sun saba da Ba'amurke, wanda kan ci abinci a tsaye, a kowane lokaci, yana tafiya yana taunawa. Bafaranshe kuwa abincin rana a wurinsa zama ake yi, kuma lokacinsa sananne ne. Da sha biyu da rabi ta yi sai jama'a su tashi gaba ɗaya su nufi gidajen abinci, layi ya toshe ko'ina. An kuma gaya wa shugabannin cewa Turawan nahiyar ba su damu da karin kumallo ba, aka gina ƙananan ɗakunan cin abinci a otal-otal, sai ga baƙi sun yi dafifi da safe. Dokar hana sayar da giya a fili, wadda aka taho da ita daga Amurka, a 1993 aka janye ta saboda ƙorafin baƙi. A 1994 wurin ya koma Disneyland Paris. A Tokyo, inda aka buɗe tun 1983, wata hanya abin ya bi: gugguru ne ya zama sarki, ana yin sa da ɗanɗano iri-iri har da na kori, mutane kuma suna bin layi don sayen bokitinsa mai siffar 'yan wasan katun.

Ga Musulmi mai wannan tafiya, tambayar farko ita ce ta halal, amsar kuma ta danganta da ƙasar. Hong Kong Disneyland, da aka buɗe a 2005, yana karɓar baƙi da yawa daga Malesiya da Indonesiya, don haka ya nemi takardar shaidar halal ga wasu gidajen abincinsa, irin Tahitian Terrace da Explorer's Club. A Fulorida sai mutum ya yi da gaske. Wasu gidajen zama suna karɓar buƙatar abincin halal in an sanar da su tun kafin ranar, kuma al'adarsu ce mai dafa abinci ya fito har tebur ya yi bayani ga wanda ke da abin da ba ya ci. Tambayar ta wuce nama: wake ana iya dafa shi da naman alade, miya ana iya zuba mata giya, wasu alewoyi masu danƙo kuma da sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin alade ake yin su. Kifi da kayan lambu su ne mafakar da yawa.

Suna da ado ma kan ruɗi mutum. A filin EPCOT, wanda aka buɗe a 1982, akwai rukunin ƙasashe 11 da aka jera a bakin tafki. Na Maroko, da aka ƙara a 1984, Sarki Hassan na Biyu ne ya turo magina da masu zane daga ƙasarsa suka ƙawata shi, har da hasumiya irin ta masallacin Kutubiyya na Marrakesh. Mai shiga zai ji kamar ya zo gida. Amma gidajen abincin wurin suna sayar da giya, kuma ganin kuskus da naman rago a allo ba shaida ce ta yanka ba, sai an tambaya. Magic Kingdom kansa ya shekara 41 ba a sayar da giya a cikinsa, sai a 2012 da aka buɗe gidan Be Our Guest. A ɗaya ɓangaren, abin shan nan mai kumfa da ake kira Butterbeer, wanda filin Universal na Orlando ya fito da shi a 2010 a sashen Harry Potter, duk da kalmar giya da ke cikin sunansa, babu giya a cikinsa, zaƙi ne zalla.

Wahalar samun abincin halal na cikin dalilan da za su iya sa iyali daga Kano, Abuja ko Yamai su karkata zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ferrari World na Abu Dhabi tun 2010 yake aiki, IMG Worlds of Adventure da Motiongate na Dubai kuma a 2016 aka buɗe su. Tafiyar ta fi kusa, maganar yanka ba ta tayar da hankali, wurin salla kuma yana cikin ginin, ta yadda ana iya haɗa azahar da abincin rana a hutu ɗaya. Tsadar abincin cikin fili dai tana nan, don dalilinta ɗaya ne a ko'ina.

Waɗanda suka saba zuwa Fulorida agogo suke fara gyarawa. Sukan ci da ƙarfe sha ɗaya, lokacin da kantoci ke buɗewa ba kowa, ko su ba yara ɗan abin taɓawa su jinkirta zuwa bayan ƙarfe biyu. Ribar biyu ce, don sa'ad da jama'a ke cunkushe a gidajen abinci su suna can suna hawa lilo. Tun 2017 kuma ana iya yin oda ta manhajar waya: mutum ya zaɓi abinci yana cikin wani layin, ya biya, in ya iso ya danna cewa ya zo, a haɗa masa. Ruwan ƙanƙara a kofi kyauta ne a kantocin abinci ga duk wanda ya nema, ko da bai sayi komai ba, alhali na gora sai an ba da daloli. Da yawa ba su san wannan ba, allon kuma ba ya faɗa.

Filayen Disney na Fulorida sun yarda baƙo ya shigo da abincinsa daga gida, muddin ba a cikin kwalba yake ba, ba giya, kuma ba ya buƙatar ɗumamawa. Uwargidan da ta tashi da asuba ta haɗa burodi da ƙwai da dabino a jaka ta rage wa maigida nauyi mai yawa, ta kuma huta da tambayar wane ne ya yanka. Wannan doka ba ta ko'ina ba ce. A Tokyo ba a cin abincin gida a cikin fili, an ware masa wuri a wajen ƙofa, wasu filayen kuma sukan binciki jaka su hana gaba ɗaya, don haka ana duba dokar kowane wuri tun kafin a baro masauki.

Saura abin da ke biyo bayan cin. Jirgin nan mai hawa da gangarowa cikin duhu, Space Mountain, taku kaɗan ne daga Cosmic Ray's, yara kuma da sun ajiye cokali can suke nunawa da yatsa. Iyayen da suka san wurin sukan ja su zuwa wasan da ake kallo a zaune cikin sanyi, ko su nemi inuwa a bakin titi su jira faretin da aka saba yi da ƙarfe uku. A watannin zafi, daidai wannan lokaci ne hadari ke haɗowa a sararin Fulorida, in an fara walƙiya kuma ana rufe jiragen da ke fili, jama'a su sake turuwa cikin gidajen abinci neman mafaka.